Yaya ake auna yadda aka aiwatar da shirin jawo iyaye cikin harkar makaranta?

Wata malama da ke jagorantar ƙungiya mai zaman kanta a Gusau ta rubuto cewa ƙungiyarsu ta samu tallafin shekara biyu daga waje domin jawo iyaye cikin harkar karatun 'ya'yansu a makarantun firamare arba'in na ƙananan hukumomi uku. An horar da kwamitocin gudanar da makarantu, an kafa ƙungiyoyin iyaye mata, an kuma bai wa kowace makaranta ɗan kuɗin gyara. Yanzu saura wata shida tallafin ya ƙare, masu bayarwa sun nemi a auna yadda aka aiwatar da shirin, ita kuwa abin da ke hannunta shi ne takardun halartar taro da hotuna da rahotannin wata-wata. Tana tambaya ko waɗannan sun isa, in kuma ba su isa ba, ta ina za ta fara.

Malama, na ji daɗi da kika yi wannan tambaya tun da sauran wata shida a gaba, domin galibi sai an rufe asusu, ma'aikata sun watse, sannan ake neman mai aunawa. Takardun da ke hannunki ba su isa ba. Suna da amfani, kada ki raina su, amma iyakar abin da suke shaidawa shi ne ƙungiyarki ta yi motsi, ta kira taro, ta kashe kuɗi. Ba su nuna ko wani abu ya shiga cikin gida ba, alhali shirin da aka ce na iyaye ne a cikin gida ake gane ko ya kama ƙasa.

Da farko ki raba tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗaya ita ce ko shirin ya ƙara wa yara ilimi, ɗayar kuma ita ce ko an yi shirin kamar yadda aka tsara, da su wa aka yi shi, sau nawa, kuma da wane inganci. Ta farko tana buƙatar makarantun kwatance da ba su shiga shirin ba, da awon da aka yi tun kafin a fara, da kuɗi masu yawa. In ba a yi wannan tanadi tun ranar farko ba, babu dabarar da za ta samar da shi a wata na goma sha takwas, kuma duk wanda ya ce miki zai iya, ki yi hattara da shi. Ta biyu ce aka nema daga gare ki, kuma kada ki ɗauke ta ƙaramar tambaya. Shirin da ba a aiwatar ba, in aka auna sakamakonsa aka ga babu, sai a ce jawo iyaye ba ya aiki, alhali ba a taɓa jawo su ba.

Kafin kowa ya fita fili, ki zauna da ma'aikatanki ki ɗauko takardar da kuka nemi tallafin da ita, ku rubuta alkawarin da kuka ɗauka a jere, gaɓa bayan gaɓa, cikin Hausa mai sauƙi. Kuɗi zai iso makaranta a lokaci kaza. Kwamiti zai zauna da iyaye su zaɓi abin da za a yi da shi. Ƙungiyar iyaye mata za ta shiga gida-gida. Uwar da aka ziyarta za ta sauya wani abu takamaimai, misali lokacin talla ko lokacin ɗiban ruwa. Abin da iyaye suka gani na gyara zai hau sama zuwa wurin mai ikon gyarawa. Kowace gaɓa a nan abu ce da ko dai ta faru ko ba ta faru ba, kuma aikin mai aunawa shi ne ya bi igiyar nan da hannunsa har ya taɓa inda ta tsinke. In kuka ga akwai gaɓar da kuka kasa rubutawa a sarari, to kun riga kun samu sakamako na farko tun ba ku bar ofis ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan takardar halarta, domin ita ce ta fi yaudarar mu masu wannan aiki. Shekarun baya na je wani ƙauye a gefen fadama a ƙasar Argungu, aka miƙo mini takardar taron iyaye mata mai suna sittin, kowane suna da dangwalen yatsa a gabansa. Da na karkata takardar zuwa hasken ƙofa, sai na ga dangwalen sun karkata gefe ɗaya, girmansu ɗaya, kuma a yawancinsu akwai wani ɗan farin layi a tsakiya, alamar tabon yanka a babban yatsa guda. Ban tayar da magana a gaban jama'a ba. Da la'asar na keɓe da wanda ya tara takardar, mutum mai kunya wanda ba shi da alamar cuta, ya gaya mini gaskiya: taron an yi shi, amma mata goma sha tara ne suka zo, domin ranar ta faɗo tsakiyar girbin shinkafa. An gaya masa ba za a karɓi lissafin kuɗin taron ba sai da suna sittin, shi ya sa ya cike sauran. Laifin bai tsaya a kansa ba, domin wanda ya ƙayyade sittin daga ofis, bai kuma tambayi kalandar noma ba, shi ya koya masa wannan hanya. Tun daga ranar na daina tambayar mutum nawa suka zo, na koma tambayar su wa suka zo, su wa ba su zo ba, kuma me ya hana su.

Saboda haka ki ɗauki takardun halartar da kike da su ki mayar da su abin bincike. Ki jera tarukan makaranta ɗaya ki ga ko sunaye goma sha biyar ne suke ta maimaituwa tsawon wata goma sha takwas. Ki zaɓi sunaye biyar daga kowace takarda ta hanyar ƙuri'a, a je a same su, a tambaye su ina aka yi taron, wa ya yi magana, me aka yanke. Ki kuma ware tarukan da aka raba kuɗin mota da waɗanda ba a raba ba, ki kwatanta yawan mahalarta. Ba na zargin wanda ya karɓi kuɗin mota, domin mutumin da ya bar gonarsa ko sana'arsa yini guda ya yi asara ta gaske. Amma tazarar da ke tsakanin taron da aka biya da wanda ba a biya ba ita ce mafi kusa da hoton abin da zai faru bayan tallafin ya ƙare.

Sai tambayar da ta fi kowacce nauyi a ƙasarmu: wane ne iyaye? Takardun masu tallafi kan ɗauka cewa kowane yaro yana da uba ɗaya da uwa ɗaya a gida ɗaya waɗanda za su zo makaranta in an kira su. A Zamfara da Kebbi abin ya fi haka faɗi. Akwai yarinyar da ke riƙo a hannun goggo ko kaka. Akwai gidan mata uku inda 'ya'yan ɗaki ɗaya ke zuwa makaranta, na ɗaya ɗakin ba sa zuwa. Akwai maigidan da ya tafi cin rani ko wurin haƙar zinariya a yankin Anka ko Maru, ya bar shawara a hannun wansa. Akwai gwauruwar da ta gudo daga ƙauyensu da 'ya'ya, tana zaune a kangon wani a bakin gari, babu mai unguwar da ya san da ita a matsayin tasa. Sannan akwai matan kulle, waɗanda su ne ke yanke hukuncin yau da gobe a kan ko yarinya za ta ɗauki jaka ko faranti, amma ba su ne ke zama a zauren mai gari ba. In awonki ya tsaya a zaure da harabar makaranta, za ki ji muryar maza masu faɗa a ji, ki dawo da rahoton da ya ce iyaye sun gamsu.

Don haka dole a cikin masu tattara bayananki a samu mata, waɗanda za su yi sallama su shiga har tsakar gida bayan an nemi izinin maigida, kuma kada su kasance cikin waɗanda suka gudanar da shirin, domin uwa ba za ta kushe aikin wadda ta sha ruwan gidanta ba. A lura da harshe kuma. Hausa tana isa kusan ko'ina, amma a rugage Fulatanci ne ke buɗe baki, kuma da a Kebbi kike, da na ƙara miki Dakarci a ƙasar Zuru da Zabarmanci a yankin Dandi da Kambarci a ƙasar Yawuri. Ki tabbata rabin gidajen da za a shiga na waɗanda sunansu bai taɓa fitowa a takardar halarta ba ne. Ba a rajistar makaranta za ki same su ba, sai dai ta hanyar ungozoma da limami da malamar Islamiyya da 'yan mata masu talla a bakin kasuwa.

Tambayoyin cikin gida su kasance na abin da ya faru, kada su zama na ra'ayi. In aka tambayi uwa ko ilimin 'ya mace yana da muhimmanci, za ta ce yana da shi, domin ta san amsar da baƙo yake so, kuma karamci bai yarda ta ba shi kunya ba. A tambaye ta jiya da hantsi ina yarinyar take. A tambaye ta yaushe rabon da wata daga ƙungiyar iyaye mata ta shigo gidan, me ta ce, ta zauna ko a tsaye ta yi maganar. A roƙe ta ta nuna littafin rubutun yarinyar, a duba kwanan watan aiki na ƙarshe.

Wata uwa da na taɓa zama da ita a wani gari na yammacin Zamfara, tare da abokiyar aikina da ta shigar da ni bayan maigidan ya amince, ita ta koya mini abin da nake ganin shi ne zuciyar wannan aiki. Tana turara shinkafa a babbar tukunya lokacin da muka shiga, farantin tallan 'yarta yana jingine da bango. Ta ce tun da matan ƙungiya suka yi mata magana ta mayar da tallan bayan azahar, ko da yake cinikin safe ya fi. Ba ta iya karatun boko ba, amma kullum da yamma takan buɗe littafin yarinyar ta nemi jan biro. In ta ga ja, ta san malami ya zo ya duba. In kwana uku suka wuce babu ja, ta san ajin babu kowa. Ta ce akwai lokacin da aka yi mako biyu babu ja, ta gaya wa shugabar ƙungiya, shugabar ta gaya wa shugaban kwamiti, shi kuma ya ce zai yi magana. Na tambaye ta daga nan me ya faru, ta ce ba ta sake jin komai ba, ta ci gaba da juya shinkafarta. Wannan mata ta yi duk abin da shirin ya nema daga gare ta, har ta yi asarar cinikin safe. Igiyar ba a hannunta ta tsinke ba, ta tsinke ne tsakanin kwamiti da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kuma babu wata takardar halarta da za ta nuna wannan.

Abin da ta fuskanta ba nata ne ita kaɗai ba, bincike ya gan shi a maƙwabtanmu. A Jamhuriyar Nijar, a jihohin Tawa da Damagaram, an bai wa kwamitocin makarantu tallafin kuɗi a shekarar karatu ta 2007/2008, aka kwatanta su da makarantun da ba a bai wa ba. Iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba a ɗan lokacin da aka auna, zuwan malamai ma ya ɗan ja baya. Masu binciken sun fahimci cewa iyayen suna da niyya, ikon tsawata wa malami ne ba su da shi. A gundumar Jaunpur ta Indiya kuma, wani bincike na tsakiyar shekarun 2000 ya tarar mafi yawan iyaye ba su ma san akwai kwamitin ilimi a ƙauyensu ba, har wasu daga cikin membobin ba su san an sa sunansu ba, kuma tarukan wayar da kai kaɗai ba su sauya karatun yara ba. Na kawo waɗannan ne domin ki san inda za ki haska fitila, ba domin in karya miki gwiwa ba.

A nan Najeriya kwamitin gudanar da makaranta ba ya ɗaukar malami, ba ya sauya masa wurin aiki, ba ya riƙe albashinsa. Wannan iko yana hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Saboda haka awon da ya tsaya a kan ko kwamiti ya zauna ya bar rabin labarin a baya. Ki sa a buɗe littafin zaman kowane kwamiti a ƙirga koke-koken da aka rubuta, sannan a bi kowane ɗaya: an kai shi sama ko ba a kai ba, a rubuce ko da baki, an samu amsa ko ba a samu ba, bayan kwana nawa, kuma an koma an gaya wa wadda ta kawo koken ko an bar ta cikin duhu. Sai a je ofishin sakataren ilimi a ji nasa ɓangaren, domin sau da yawa shi ma yana da uzurin da ya kamata a rubuta, kamar rashin man babur ga jami'an sa ido ko ƙarancin malaman da za su yarda su zauna a ƙauye mai hatsari. A tambayi kowane memba shi kaɗai yadda ya shiga kwamitin, zaɓe aka yi ko hakimi ne ya nuna shi, kuma ko yana da ɗa a makarantar. A tambayi mata membobi yaushe rabon da su yi magana a zama, kuma me suka ce. In littafin zama duk rubutun hedimasta ne, da biro ɗaya, kamar an zauna an rubuta shi a dare ɗaya, wannan ma bayani ne.

Batun kuɗi ya fi sauƙin aunawa, amma ana yawan tsoronsa. Hanyar ita ce a bi naira daga asusun ƙungiyarku zuwa asusun kwamiti zuwa abin da aka saya, da kwanan wata a kowane mataki. A Uganda, lokacin da aka bi sawun kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare tsakanin 1991 da 1995, an tarar kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantu. Da gwamnati ta fara buga adadin da ta tura a jaridu, ana kuma liƙa shi a makarantu, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne tambaya guda da nake yi wa kowane uba da kowace uwa: nawa aka bai wa makarantarku, kuma me aka yi da shi? In iyaye goma suka ba da amsa ɗaya wadda ta dace da takardar banki, to shirin ya shiga jama'a. In shugaban kwamiti da hedimasta ne kaɗai suka san adadin, to kuɗin gyara ya zo, amma iyaye ba su shigo ba, ko da an yi aikin tsaf babu ha'inci. Kada ki manta da lokaci. Kuɗin rufin aji da ya iso a watan Agusta, ruwa na zuba, hanya ta yanke, ba daidai yake da wanda ya iso a Fabrairu ba, kuma in jinkirin daga ofishinku ne ko daga masu tallafi, a rubuta haka da sunansa, kada a ɗora wa ƙauye.

Makarantu nawa za a je? Da kuɗin ƙaramar ƙungiya, gara a shiga goma sha biyu a kwana biyu-biyu da a leƙa arba'in na awa ɗaya-ɗaya. Sharaɗin shi ne kada ma'aikatan shirin su zaɓa, domin ɗan Adam ne, zai kai ki inda aikinsa ya yi kyau. Ki raba makarantun kashi-kashi, na bakin titi da na lungu, manya da ƙanana, waɗanda ke cikin kwanciyar hankali da waɗanda ke cikin fargaba, sannan ki jefa ƙuri'a a cikin kowane kashi. Ziyara ɗaya aƙalla ta kasance ba tare da sanarwa ga makarantar ba, ko da yake uban ƙasa da sakataren ilimi su san ana aikin a yankinsu. A ranar a ƙirga kawunan yaran da ke aji a kwatanta da rajista, a ƙirga malaman da ke cikin aji suna koyarwa, ban da na gindin bishiya. A guji ranar kasuwa sai in ita ake son gani, domin wanda ya ƙirga yara ranar Talata a kewayen Talata Mafara ya san abin da zai tarar.

Ba zan yi miki maganar Zamfara kamar babu matsalar tsaro ba. Tun daga sace ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021, da na kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri da ke Kebbi a Yunin 2021, uban da ya hana 'yarsa zuwa makaranta mai nisa ba lallai ne jahilci ya hana shi ba, lissafi ya yi. Awonki ya bambanta iyayen da ba su gamsu da boko ba da iyayen da suka gamsu amma suna tsoron hanya, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai makarantun da ba za a iya zuwa ba, kuma babu rahoton da ya kai ran mai tattara bayani. Abin da ba daidai ba shi ne a cire su shiru a maye gurbinsu da na cikin gari, a fito da sakamako mai kyau. A rubuta su da yawansu, a faɗi tun yaushe rabon da wani ma'aikacin shirin ya taka can, a nemi jin labarinsu daga waɗanda suka shigo gari ranar kasuwa ko suka yi hijira. Waya tana taimakawa, amma wayar maigida ce galibi, kuma mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a jihar a Satumbar 2021, don haka kada dukan tsarin ya rataya a kanta. Sannan ki kiyaye bayanan mutane kamar amana. Jerin sunayen gidajen da suka karɓi kuɗi, ko sunan wanda ke sa hannu a asusun kwamiti, abu ne da zai iya jawo wa mutum bala'i in ya faɗa hannun infoma. Kada a ɗauki hoton kowa ba da yardarsa ba, kada a naɗi murya inda mutane ke ɗari-ɗari, kuma a gaya wa kowa tun farko cewa yana da damar ƙin amsawa ba tare da makarantarsu ta rasa komai ba.

Za ki ji sha'awar nuna cewa rajista ta ƙaru, masu tallafi ma suna son wannan adadi. Ki kawo shi, amma ki yi masa linzami. Ba ku kaɗai ke aiki a filin nan ba. Shirin ilimin 'ya'ya mata da Birtaniya ta ɗauki nauyi, UNICEF ta gudanar daga 2012 zuwa 2022, ya yi aiki a Zamfara da kwamitoci da ƙungiyoyin iyaye mata. Shirin BESDA na Bankin Duniya, na shigar da yaran da ba sa zuwa makaranta aji, wanda aka amince da shi a 2017, ya haɗa da Kebbi da Zamfara. Shirin AGILE na karatun 'yan mata a sakandare, shi ma na Bankin Duniya, ya fara a 2020 da jihohi bakwai, har da Kebbi, aka faɗaɗa shi a 2023 ya haɗa da Zamfara. Wataƙila wasu daga cikin matan ƙungiyoyinku sun sha bita tun kafin ku zo, kuma adalci ne a faɗi haka. Ban da wannan, makarantar cikin gari tana iya cika maƙil saboda ƙauyuka biyar sun watse sun taru a wurin, wadda ke lungu kuma ta zama kufai ba tare da kwamitinta ya yi sakaci ba. In kina son ɗan haske a kan karatu, gwajin minti ɗaya na karanta gajeren labarin Hausa ga yara goma na aji uku a kowace makaranta ba shi da tsada. Ki gabatar da shi a matsayin hoton halin da ake ciki, kada ki ce shirinku ne ya haifar da shi.

Akwai wani abu da masu aunawa daga waje kan yi kuskure a kansa, wato ɗaukar kowane sauyi daga tsarin asali a matsayin gazawa. In tsarin ya ce a yi taron mata a harabar makaranta da safe, wata shugaba ta mayar da shi gidan malamar Islamiyya bayan la'asar, mata suka ninka, wannan gyara ne da ya kamata a rubuta a koya wa sauran. In kuma tsarin ya ce a shiga gida-gida, aka mayar da shi sanarwa ɗaya a masallacin Juma'a, to an cire ƙashin bayan shirin, domin saƙon ya koma kunnen maza kaɗai. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in duba ko sauyin ya kusantar da shirin ga uwar da ba ta taɓa zuwa ba ko ya nisanta shi.

Game da wanda zai yi aikin, in kuɗi ya isa ki ɗauko jagora daga waje, ko malami daga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Ilimi ta Maru wanda ya saba da aikin fili, ki ba shi 'yancin rubuta abin da ya gani, ki kuma sa wannan 'yanci a cikin yarjejeniya. Na san tsoron da ke zuciyar shugaban ƙaramar ƙungiya, cewa rahoto mai nuna rauni zai toshe tallafi na gaba. A iya abin da na gani, masu tallafin da suka san aiki sun fi yarda da rahoton da ya ce a makarantu kaza abin ya kama, a kaza bai kama ba, ga dalili, fiye da wanda ya ce komai ya tafi daidai a jihar da kowa ya san halin da take ciki. Kafin rahoton ya tafi waje, a mayar da shi wurin waɗanda suka ba da bayanin, da Hausa, da baki, zaman maza daban na mata daban, a ji ko sun yarda haka abin yake. Sau da yawa a wannan zama ne ake gyara kuskuren da mai aunawa ya yi, kuma su ma suna da haƙƙin jin abin da aka rubuta a kansu.

Roƙona na ƙarshe gare ki shi ne ki nemi masu tallafin tun yanzu, kafin a rufe kasafi, su yarda a ware ɗan kuɗi domin komawa makarantun goma sha biyun nan zango ɗaya bayan shirin ya ƙare, lokacin da babu kuɗin mota, babu lemo, babu motar ƙungiya a ƙofar makaranta. Mutum biyu sun isa, mace da namiji. Namijin ya buɗe littafin kwamiti ya ga kwanan watan zama na ƙarshe, ya tsaya ofishin sakataren ilimi ya tambayi makomar koke-koken da aka ƙirga a zuwan farko. Macen ta koma gidajen da aka shiga, ta ga inda farantin talla yake da hantsi, ta roƙi uwar ta buɗe mata littafin yarinyar su nemi jan biro tare.